Adoniram Judson: Mai Bisharar da Ya Lissafta Tamanin Kiransa

A shekara ta 1810 wani saurayi ɗalibin tauhidi a ƙasar Amurka ya rubuta wa wani dattijo mai suna John Hasseltine wasiƙa yana neman auren 'yarsa Ann. Bai yi masa alkawarin gida ko dukiya ba. Ya tambaye shi ko zai yarda ya rabu da 'yarsa ba tare da sa zuciyar sake ganinta a wannan duniya ba, ko zai yarda ta sha wahalar teku, da rashi, da wulaƙanci, da tsanani, watakila har da kisa, duk saboda sunan Yesu Kristi. Uban ya bar wa 'yarsa zaɓi, ita kuwa ta amince. Sunan saurayin Adoniram Judson, kuma yawancin abin da ya lissafta a wasiƙar nan ya same su.

An haifi Judson ranar 9 ga Agusta, 1788, a garin Malden na jihar Massachusetts. Mahaifinsa fasto ne. Yaro ne mai kaifin basira, ya gama jami'ar Brown a 1807 yana kan gaba a ajinsu. Amma a can ne ya yi watsi da bangaskiyar iyayensa, abin da ya sa su baƙin ciki ƙwarai. A 1808 ya shiga makarantar tauhidi ta Andover yana cike da shakka, kafin ƙarshen shekarar kuwa ya miƙa ransa ga Ubangiji. Ba da daɗewa ba ya ji kira zuwa ƙasashen da bishara ba ta kai ba.

An ɗaura aurensa da Ann ranar 5 ga Fabrairu, 1812, bayan mako biyu suka shiga jirgin ruwa zuwa Indiya. A hanya Judson ya yi nazarin Sabon Alkawari a kan batun baftisma, ya gamsu da koyarwar Baftis. Da suka isa Kalkata aka yi masa baftisma tare da matarsa, ko da yake wannan ya raba su da ƙungiyar da ta aiko su. Kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin Indiya a lokacin ba ya son masu bishara, sai ya kore su. Bayan yawo da yawa suka sami jirgin da ya kai su Rangun a ƙasar Bama a watan Yuli, 1813. Ita ce ƙasar da sojojin Nijeriya suka je yaƙi a cikinta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yanzu ana kiranta Myanmar. A cikin jirgin Ann ta haifi ɗansu na fari ba rai.

Mutanen Bama mabiya addinin Buda ne, sarkinsu kuwa yana da iko a kan ran kowa. Wanda ya bar addinin sarki yana iya fuskantar ɗauri ko kisa. Judson ya duƙufa ga koyon harshen, yakan kwashe yini guda tare da malaminsa. Ɗansu na biyu, Roger, ya rasu a 1816 yana da wata takwas. A 1819 Judson ya gina rumfa a bakin hanya irin wadda matafiya ke hutawa a ciki, yana zama yana tattaunawa da masu wucewa. A watan Yuni na shekarar ya yi wa Maung Nau baftisma, mai bi na farko bayan shekara shida na aiki.

A farkon 1820 ya tafi babban birnin ƙasar, ya roƙi Sarki Bagyidaw ya ba talakawansa 'yancin karɓar bishara. Sarki ya ƙi, bai ma karɓi kyautar Littafi Mai Tsarki da aka kawo masa ba. Judson ya komo ya tara masu bi uku da ke akwai, ya faɗa musu haɗarin da ke gabansu ba tare da ɓoye komai ba. Maimakon su watse, sai suka roƙe shi ya zauna tare da su. A 1823 ya gama fassara Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa harshen Bama.

A 1824 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Bama, a lokacin kuwa Judson da Ann sun koma Awa da zama. Ko da yake shi Ba'amurke ne, aka zarge shi da leƙen asiri domin kuɗinsa yana zuwa ta hannun wani ɗan kasuwar Ingila. Ranar 8 ga Yuni aka ɗaure shi da igiya a gaban matarsa, aka ja shi zuwa kurkukun da ake ajiye waɗanda za a kashe. Aka sa masa mari har uku a ƙafafu. Da dare akan zura gora tsakanin ƙafafun fursunoni a ɗaga sama, sai kafaɗunsu da kawunansu kaɗai ke taɓa ƙasa. Kowace rana da misalin ƙarfe uku akan buga ƙararrawa a fitar da wanda za a kashe, ba kuwa wanda ya san ko yau ranarsa ce.

Ann tana da ciki, amma kullum tana tafiya da ƙafa ta kai masa abinci, tana bin manyan gari da roƙo domin a sassauta masa. Ta ji tsoron kada a ƙone takardun fassarar Sabon Alkawari, sai ta ɗinke su cikin wani matashin kai mai tauri ta kai masa kurkuku. A watan Janairu, 1825, ta haifi 'yarsu Maria. A watan Mayu aka kora fursunonin ba takalmi a kan yashi mai zafi, tafiyar kusan mil takwas, zuwa ƙauyen Aungbinle, ƙafafun Judson suna zub da jini. Masu gadi suka yar da abin da ke cikin matashin, amma wani mai bi, Maung Ing, ya tsince shi ya adana, ta haka fassarar ta tsira. Ann ta bi mijinta ƙauyen da jaririya. Da ciwo ya kwantar da ita nononta ya ƙafe, sai mai gadi ya bar Judson ya riƙa fita da mari a ƙafa, yana ɗauke da Maria gida gida yana roƙon mata masu goyo su shayar da ita.

Bayan wata goma sha bakwai aka fitar da shi domin sarki yana bukatar tafinta, yaƙin kuwa ya ƙare a watan Fabrairu, 1826. Amma wahalar ta riga ta cinye ƙarfin Ann. Ta rasu ranar 24 ga Oktoba, 1826, mijinta yana kan tafiya, bayan wata shida Maria ma ta bi ta. Judson ya faɗa cikin baƙin ciki mai zurfi. Ya gina bukka a gefen kurmi, ya haƙa kabari yana zama a bakinsa, yana ji kamar Allah ya yi masa nisa. Sannu a hankali, ta wurin kulawar 'yan'uwa masu bi da komawa ga aikin fassara, Ubangiji ya farfaɗo da shi. A watan Janairu, 1834, ya gama fassara dukan Littafi Mai Tsarki.

A shekarar ya auri Sarah Boardman, gwauruwar wani abokin aikinsa, ita ma ta rasu a 1845 suna hanyar zuwa Amurka. Wannan ce kaɗai ziyarar da ya kai gida, bayan shekara 33. Ya komo Bama da matarsa ta uku, Emily, ya ci gaba da rubuta ƙamus. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 1850, a cikin jirgin ruwa, aka binne shi a teku. Ya bar dubban masu bi, yawancinsu daga kabilar Karen. Har yau ana karanta fassararsa a majami'u, ƙidayar 2014 kuwa ta nuna Krista sun haura miliyan uku a Myanmar.

Judson bai mutu ta bakin takobi ba, amma ya yi zaman jiran takobin wata da watanni bai musunci Ubangijinsa ba. A Luka 14 Yesu ya koyar cewa mai niyyar gini ya fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci. Judson ya yi wannan lissafi tun kafin ya tashi, ya kuma yi shi a fili tare da matarsa da surukinsa, shi ya sa tsanani bai zo musu a ba-zata ba. Iyalin da Ubangiji ya kira ɗansu ko 'yarsu zuwa wurin da bishara ke fuskantar gāba suna da rabo cikin wannan lissafi, ta wurin sakin su da zuciya ɗaya, da addu'a, da tallafi. Allah ya ba ikilisiyarsa irin wannan aminci har ƙarshe. Amin.