Grace Hopper: Matar da ta Koya wa Kwamfuta Jin Magana

An haifi Grace Hopper a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Tun tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogon gidansu har guda bakwai, don kawai ta ga abin da ke juya su. Tana da shekara 16 ta nemi shiga kwalejin Vassar, aka ƙi ɗaukar ta saboda makinta na darasin Latin bai kai ba. Ba ta karaya ba, ta sake shiri, shekara na zagayowa aka ɗauke ta. A 1934 ta samu digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale.

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, ta ajiye alli ta shiga sojan ruwa. A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard ta yi aiki da wata ƙatuwar na'urar lissafi mai suna Mark I. Tsawon na'urar ya kusa mita 16, wato kamar aji biyu a jere, nauyinta kuwa wajen tan biyar. Duk da wannan girma, sai ta ci daƙiƙa shida kafin ta ninka lamba da lamba. Da doguwar takarda mai hujoji ake ba ta umarni.

A 1949 Grace ta koma kamfanin da ya ƙera UNIVAC, kwamfutar da hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta karɓa a 1951. A zamanin, da lambobi da alamomi zalla ake rubuta wa kwamfuta umarni, don haka sai gwanayen lissafi ke iya sarrafa ta. Grace ta ga ya kamata mutum ya rubuta abin da yake so da kalmomi, ita na'urar ta fassara wa kanta. Da yawa sun ce ba zai yiwu ba. A 1952 ta samar da wata manhaja mai aikin tafinta tsakanin mutum da na'ura. Aikinta ne ya share fagen harshen kwamfuta mai suna COBOL a 1959, wanda har yau bankuna da dama a duniya suke aiki da shi.

Ta yi ritaya daga soja a 1986 tana da shekara 79, da muƙamin riya admiral. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992.

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya cire kuɗi wurin mai POS a kasuwar Goronyo, ko ya zauna gaban kwamfuta ranar jarrabawar JAMB, yana cin moriyar hanyar da ta buɗe. Wanda ya faɗi jarrabawar zangon da ya wuce, ya tuna ita ma an taɓa mayar da ita. 'Yan matan ajinmu masu gudun lissafi kuma, ku dawo kujerun gaba.