Tarihin Shehu Muhammadu al-Kashnawi, Masanin Hisabi da Manɗiƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, Katsina ta fitar da wani babban malami, sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. Ya yi karatu a ƙasarsa, ya kuma ɗauki ilmi wajen Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi. Daga nan ya kama hanyar gabas, ya sauke farali, ya zauna tare da malaman Haramaini, sa'an nan ya wuce Alƙahira ta Masar. Can ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin Abdurrahman marubucin tarihin Masar. A gidan nan ajali ya riske shi a shekara ta 1154 ta Hijira, watau 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa.

Shehu ya ƙware a fannin wafaƙi, wanda ake kira hatimi, har ya wallafa Bahjatul Afaƙ a kansa. Ya bayyana yadda ake jera adadi a hatimi mai gidaje mara. Mai gida 9, in an zuba 1 zuwa 9 bisa ƙa'ida, kowane layi 15 zai bayar, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Mai gida 25 kuwa 65. Ya yi nazamin manɗiƙi, watau ilmin auna hujja, ya kuma yi masa sharhi. Haka nan ya yi rubutu kan taurari da asirai, bisa al'adar malaman zamaninsa.

Fannonin nan biyu da ya haɗa, hisabi da manɗiƙi, su ne wani masani, Kurt Godel, ya gano iyakarsu a birnin Biyana a 1931. Ya tabbatar da cewa duk tsarin ƙa'idoji da ake iya lissafa su, wanda ya ƙunshi tarawa da ninkawa, in dai ba ya warware kansa, to akwai magana a cikinsa da ƙa'idojin ba za su tabbatar ba, ba kuma za su rushe ba. Na biyu, tsarin ba zai iya shaidar kansa da kuɓuta daga warwara ba.

To, mutane sun ɗauki maganar nan sun kai ta inda ba ta je ba. Wasu suka ce ashe babu tabbas a kome, zancen kowa daidai ne. Wasu suka ja ta zuwa tauhidi da shari'a, alhali hukuncin bai taɓa su ba. Mudun da ake awon shinkafa da shi a Kura ba ya auna ruwan da ke gangarowa daga Tiga, amma wannan bai mai da mudu maƙaryaci ba. Hatimin Shehu na nan yana bayar da 15 har gobe.

Irin wannan zalunci ake yi wa hatimin kansa. Lissafinsa tabbatacce ne, amma mai zana shi don ya karɓe kuɗin talaka da alkawarin arziki ya ɗora wa adadi kayan da bai ɗauka ba. Almajiri ya lura, kowane ilmi da makiyayarsa, wanda ya ƙetare da shi gonar wani ya yi ɓarna.

Allah Ya jiƙan Shehu al-Kashnawi, Ya haskaka kabarinsa, Ya amfane mu da ilmi mai amfani. Amin.