Paul Ehrlich, lokotoron da rini ya buɗe wa ido

An haifi Paul Ehrlich ran 14 ga watan Maris 1854 a garin Strehlen na ƙasar Jamus, wanda yau yake cikin Polan. Tun yana ɗalibin aikin likita ya shaƙu da rini, har ya zamana a kansa ya rubuta littafin gama karatunsa a Leipzig cikin 1878. Ya lura in an ɗiga launi bisa jini ko tsoka, waɗansu ƙwayoyin halitta su kama shi, waɗansu kuwa su ƙi, kamar yadda baba kan kama wani zane ya bar wani. Ta haka ya rarrabe ire-iren fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki daga cuta.

A 1888 tarin fuka ya kama shi, ya tafi Masar jinya. Da ya komo Barlin, sai ya gwada wani shuɗin rini a kan masu zazzaɓin cizon sauro a 1891, sa'an nan ya tsara hanyar auna ƙarfin maganin mashaƙo, cutar da ke shaƙe yara.

Babban tunaninsa ya fito a 1897. A ganinsa kowace ƙwayar halitta tana da waɗansu ƙananan hannuwa a bayan fatarta, kuma dafi ba ya yi mata lahani sai ya sami hannun da ya dace da shi, tamkar kwado da mabuɗinsa. In dafin ya kama, ƙwayar ta ƙera hannuwan da yawa ta zuba su cikin jini, su tare shi tun kan hanya. Malamai da dama suka yi masa gardama, don babu wanda ya taɓa ganin hannuwan da ido. Duk da haka a 1908 aka ba shi lambar Nobel tare da Metchnikoff. A 1909 shi da Sahachiro Hata na Japan suka tabbatar da amfanin haɗi mai lamba 606, wanda ya zama maganin tunjere. Ya rasu ran 20 ga Agusta 1915.

Bayan ransa bincike ya nuna hannuwan nan furotin ne. Da su fararen ƙwayoyin jini suke gane baƙo, ta kansu kuma cuta take samun ƙofa. A 1998 aka gano cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in C tana kama wani furotin mai suna CD81, a 2012 kuma masana a ƙasar Sin suka gano ƙofar nau'in B, wato NTCP. Allurar rigakafin nau'in B da ake yi wa jarirai a Nijar tana sa jiki ya tanadi masu tare ƙwayar kafin ta kai ga hanta, kamar dai yadda Ehrlich ya hango.