Alhassan Ɗantata: Falken da kamfanonin Turawa suka dogara da saninsa

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a garin Bebeji da ke ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuri'ar Agalawa da suka yi suna wajen fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara, a ƙasar Ghana ta yau. Wata baiwa mai suna Tata ce ta raine shi, daga nan aka samo sunan Ɗantata.

Bayan karatun allo ya shiga fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. A wannan hanya ya koyi abin da ba a rubuta shi a littafi: wa za a ba bashi, wane dillali ne mai amana, yaushe farashi ke tashi. Yana cikin fataken farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, maimakon tafiyar watanni da jakuna.

Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa sun sa rai auduga za su riƙa kwasa. Sai manoma suka karkata ga gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Kamfanonin suna da jari, da jiragen ruwa, da masana'antun sabulu da man girki a Turai, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su san mutane ba.

Nan Ɗantata ya shigo. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya baza yaransa ƙauye-ƙauye da kuɗi da kaya, suna ƙulla ciniki da manoma tun kafin kaka. Lokacin da aka haɗe kamfanin da wani aka kafa UAC a 1929, ya ci gaba da zama babban mai kawo musu kaya, kuma da sunansa ake danganta dalar gyaɗa ta Kano.

Shi ma bai tsaya kallo ba. Ya ɗauki tsarin ajiyar lissafi da hulɗa da banki daga wurinsu. An ruwaito cewa a 1929 lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya a reshen bankin Bank of British West Africa da ke Kano.

Shekaru da dama bayan rasuwarsa, a 1977, wasu masana biyu na ƙasar Suwidin, Johanson da Vahlne, suka bayyana cewa kamfani kan shiga wata ƙasa ne sannu a hankali, gwargwadon yadda ya san kasuwarta, kuma wannan sanin sai an zauna da mutane ake samunsa. Kasuwar gyaɗar Kano ta riga ta nuna haka. Irin wannan ce ta faru a Maraɗi, inda Alhazan birnin da yawa suka fara a matsayin masu saya wa kamfanonin Turawa gyaɗa kafin su tsaya da ƙafafunsu.

Ɗantata ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Kafin rasuwarsa ya hori 'ya'yansa da kada su bari kasuwancin gidan ya wargaje. Sanusi da Aminu suka ci gaba da riƙe ragamar, yau kuma tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote yana da masana'antun siminti a ƙasashen Afirka da dama.

Ga matashin da ke neman na kansa a Yamai, Legas ko Jidda, tarihin Ɗantata na nuna cewa sanin mutane da riƙon amana jari ne da mai kuɗi ma sai ya zo ya nema.