Fritz Haber: Masanin da ya fitar da taki daga iska, ya kuma kai guba fagen yaƙi

Ɗalibin kimiyya da ke shirin jarrabawar kammala sakandare ba ya rasa cin karo da sunan Haber. A takardar ilimin sinadarai akan tambaye shi yadda ake haɗa amoniya a masana'anta. A ɗakin gwaji kuma akan so ya bambance iskar amoniya da ta kulorin: ta farko tana mayar da jiƙaƙƙiyar jar takardar litimas shuɗiya, ta biyu tana kashe mata launi gaba ɗaya. Waɗannan iskoki biyu su ne suka raba rayuwar Fritz Haber gida biyu. Da amoniya ya buɗe ƙofar takin zamani, da kulorin ya jagoranci babban harin iskar guba na farko a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tasowarsa

An haifi Haber ranar 9 ga Disamba, 1868, a birnin Breslau na ƙasar Jamus, wanda a yau ake kira Wrocław a Poland. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da rini da fenti da magunguna. Mahaifiyarsa ta rasu makonni kaɗan bayan haihuwarsa. Ya yi karatu a Berlin da Heidelberg, ya sami digirin digirgir a 1891. Ba a jima ba ya karɓi Kiristanci, a zamanin da Bayahude ke shan wuya kafin ya sami kujerar farfesa ko muƙamin hafsa a Jamus. A 1894 ya kama aiki a kwalejin fasaha ta Karlsruhe, inda ya shafe shekara 17.

Matsalar da ta gagari masana

Shuka ba ta girma sai da naitrojin. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, amma ƙwayoyinsa biyu a haɗe suke da ɗauri uku mai wuyar kwancewa, don haka yawancin tsirrai ba sa iya amfani da shi kai-tsaye. Turai ta dogara ne ga kashin tsuntsayen teku daga Peru da gishirin naitret daga hamadar Chile, arzikin da har yaƙi aka yi a kansa a Kudancin Amurka daga 1879. A 1898 masanin Birtaniya William Crookes ya yi gargaɗin cewa alkama za ta gaza wa masu cinta idan ba a samo hanyar kamo naitrojin daga iska ba.

Lissafin a takarda ba shi da wuya: kaso ɗaya na naitrojin da kaso uku na haidrojin suna ba da kaso biyu na amoniya. Amma haɗuwar mai komawa baya ce, amoniyar na iya sake warwarewa. Tun da kaso huɗu ne ke komawa biyu, ƙara matsi yana tura aikin gaba, kamar yadda ƙa'idar Le Chatelier ta nuna. Tun da kuma haɗuwar tana fitar da zafi, sanyi ne ke ƙara yawan amoniya, sai dai a cikin sanyi aikin tafiyar hawainiya yake yi. Shi ya sa masana'antu ke tsayawa tsaka-tsaki: zafin kusan digiri 450, matsi kusan ninki 200 na matsin iskar sarari, da sinadarin hanzartawa. Ana sanyaya amoniyar ta zama ruwa a janye ta, ragowar iskar da ba ta haɗu ba a mayar da ita cikin tukunya.

Haber da mataimakinsa ɗan Birtaniya, Robert Le Rossignol, sun ƙera na'urar da ta jure wannan matsi. A Yulin 1909 suka nuna wa wakilan kamfanin BASF amoniya tana ɗiga. Sinadarin hanzartawar da ya yi amfani da shi, osmiyom, yana da tsada da wuyar samu. Alwin Mittasch ya gwada dubban haɗe-haɗe kafin ya tsaya a kan ƙarfe, Carl Bosch kuma ya gina manyan tukwanen da za su ɗauki aikin. A 1913 masana'antar farko ta fara aiki a Oppau.

Daga gona zuwa ramin soja

A 1911 aka naɗa Haber shugaban sabuwar cibiyar bincike ta Kaiser Wilhelm a Berlin. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, jiragen ruwan Birtaniya suka toshe wa Jamus hanyar gishirin Chile, wanda da shi ake haɗa albarushi. Amoniya ce ta cece ta: aka riƙa mayar da ita asid na naitrik ana yin nakiyoyi, abin da ya ba Jamus damar ci gaba da yaƙin tsawon shekaru. Haber yana cikin masana 93 da suka sa hannu a takardar goyon bayan sojan Jamus a Oktoban 1914.

Bai tsaya nan ba. Shi ne ya tsara amfani da kulorin, duk da yarjejeniyoyin Hague na 1899 da 1907 da suka yi hani da makamai masu guba. Da yammacin 22 ga Afrilu, 1915, kusa da Ypres a Beljiyam, aka buɗe dubban tulunan ƙarfe, aka saki fiye da tan 150 na iskar. Kulorin ya fi iskar sarari nauyi, sai ya gangara cikin ramukan soja, ya haɗu da danshin huhu ya ƙone shi. Cikin waɗanda ya fara aukawa akwai sojojin Aljeriya da Faransa ta kwaso daga ƙasar da take mulka. Aka saka wa Haber da muƙamin kyaftin.

Matarsa Clara Immerwahr, wadda ya aura a 1901, ita ce mace ta farko da ta sami digirin digirgir a ilimin sinadarai a Jami'ar Breslau. Ranar 2 ga Mayu, 1915, kwana goma bayan harin, ta harbe kanta da bindigarsa a gidansu na Berlin. Masana tarihi sun saɓa kan dalili: wasu na ganin adawa ce da aikin mijinta, wasu na nuni ga auren da ya binne karatunta. Haber bai tsaya zaman makoki ba, ya wuce fagen daga na gabas, ya bar ɗansu Hermann mai shekara 12.

Lambar yabo da kora

Bayan yaƙi aka ba shi kyautar Nobel ta 1918 saboda haɗa amoniya, duk da ƙorafin masana da dama a Faransa da Birtaniya. Ya ci gaba da bincike. Shi da Max Born suka samar da zagayen lissafin makamashi na Born-Haber da ɗaliban manyan azuzuwa ke karantawa. Ya kuma ɓata shekaru yana neman tace zinariya daga ruwan teku don Jamus ta biya diyyar yaƙi, har ya gano abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

A Afrilun 1933 gwamnatin Hitler ta kafa dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati. Hidimarsa ta yaƙi ta keɓe shi daga dokar, amma aka buƙaci ya sallami ma'aikatansa Yahudawa. A ƙarshen watan ya miƙa takardar murabus. Ƙasar da ya sauya addini ya kuma ɓata sunansa dominta ba ta ga komai a jikinsa ba sai asalinsa. Ya yi ɗan zama a Cambridge, sannan ciwon zuciya ya kashe shi a wani otal a Basel ta Suwizalan ranar 29 ga Janairu, 1934, yana da shekara 65. Daga baya ’yan Nazi suka yi amfani da Zyklon B, maganin ƙwari da ya samo asali daga binciken da Haber ya taimaka aka kafa, wajen kisan kiyashi a sansanoninsu. Cikin waɗanda suka halaka a can har da danginsa.

Abin da ya bari

Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau suna cin abincin da aka noma da takin da ya fito ta hanyar Haber da Bosch. Buhun yuriya da manomin masara ke saye a Funtuwa ko Saminaka daga amoniya aka yi shi, kuma masana'antar takin Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2022 a kan wannan hanya take, tana ciro haidrojin daga iskar gas. Shi ya sa farashin taki ke bin farashin gas. A ɗaya ɓangaren, sai da aka yi yarjejeniyar Geneva ta 1925, sannan ta 1993, kafin duniya ta haramta makaman da ya buɗe wa hanya.

Tambayar jarrabawa tana tsayawa a kan zafi da matsi da ƙarfe. Tarihin Haber ya ƙara wata da ke jiran duk matashin da ilimi zai kai shi kusa da masu mulki: wa zai yi amfani da abin da ya sani, kuma a kan wa? Haber ya bar wa gwamnati amsar har tsawon shekara 19, daga 1914 zuwa ranar da dokarta ta iso ƙofar ofishinsa. An binne shi a Basel, daga baya aka kawo ragowar Clara kusa da shi. Cibiyar da ya shugabanta a Berlin har yau sunansa take ɗauke da shi.