Tarihin Xuanzang, malamin da finafinan biri suka mayar matsoraci

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli Journey to the West, wato Tafiya Zuwa Yamma, ko tsohon mai dogon zango na 1986 ko sababbin da ake ta yi, na san akwai mutum ɗaya da yake ƙona masa rai: malamin nan Tang Sanzang, mai hawa farin doki. Kullum shi ake sacewa. Aljana ta rikiɗe ta zama budurwa ta kawo masa abinci, biri Sun Wukong ya gane ta ya maka mata sanda, shi kuma malam ya hau karanta addu'ar da ke matse zoben kan birin har sai ya yi ta birgima a ƙasa, ƙarshe ma ya kore shi. Bayan minti goma an ɗaure malam a kogo ana hura wutar dafa shi, yana kuka yana kiran birin da ya kora. Haka Feng Shaofeng ya fito da shi a The Monkey King 2 na 2016, inda Gong Li ta fito a aljanar, haka kuma 'yan wasa uku da suka yi karɓa-karɓar wannan matsayi a na 1986 suka fito da shi.

To biri da alade da farin doki duk ƙirƙira ce, amma malamin an yi shi da gaske. Sunansa Xuanzang, ana furta shi kamar Shuwanzang. Ni a ganina ba a taɓa zaluntar wani a fim kamar yadda aka zalunce shi ba, don a cikin ayarin nan kaf babu mai taurin ransa.

An haife shi wajajen 602 a kusa da birnin Luwoyang na ƙasar Chaina, shi ne auta cikin maza huɗu. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai yayansa, wanda malamin addinin Buddha ne, ya ɗauke shi zuwa gidan ibadar da yake zaune. Yana shekara 13 aka karɓe shi a matsayin almajiri, duk da shekarunsa ba su kai ba. Da daular Sui ta rushe yaƙi ya ɓarke, shi da yayan suka gudu har Changdu, inda ya zama cikakken malami a 622, shekarar da aka yi Hijira ke nan, don ku ga daɗewar abin.

Abin da ya dame shi kuwa, mu masu kallon fassara za mu fi kowa fahimtarsa. Ka san yadda fim ɗaya za a fassara shi gida biyu, wannan ya ce kaza jarumin ya faɗa, wancan ya ce wani abu daban, har ka rasa wa za ka yarda da shi. Littattafan addininsa daga Indiya suka zo, kuma fassarorin da ke hannun mutanen Chaina a lokacin suna cin karo da juna, wasu ma rabi aka fassara. Ya zagaya malamai yana tambaya, kowa da tasa amsar. Sai ya yanke shawarar ya je Indiya da ƙafarsa ya ga na asali.

A fim, sarki Taizong ne da kansa yake raka shi bakin gari, ya kira shi ƙaninsa, ya ba shi takardar izinin tafiya da kwanon zinariya. A zahiri izini ya nema aka hana shi, saboda daular Tang sabuwa ce a lokacin kuma an rufe iyakar yamma. A 629 ya sulale ya bar Chang'an, babban birni, wanda yau ake kira Shi'an. Gwamnan Liyangju ya ba shi umarnin ya koma, sai ya koma tafiyar dare yana ɓuya da rana. Da ya isa Guwaju, garin ƙarshe kafin hamada, takardar sammacin kama shi ta biyo shi. Jami'in da ta faɗo hannunsa mabiyin addinin ne, ya nuna masa takardar, da ya ji gaskiyar lamarin ya yage ta a gabansa ya ce ya yi sauri ya bar garin.

A nan ne ya samu ɗan jagora, wani baƙo mai suna Shi Pantuo, kuma akwai masana da ke ganin daga wannan mutumin aka fara samo Sun Wukong. Dokin ma ba fari ba ne. Wani tsoho ne ya yi masa musaya da wani ramammen tsohon doki ja, wanda ya sha zirga-zirga a hanyar Hami har ya haddace ta. Suka tsallake kogi da dare suka kauce wa ƙofar Yumen. A daren nan suna kwance, malam ya buɗe ido ya ga ɗan jagoran nasa ya zaro wuƙa yana tahowa a hankali, sai kuma ya fasa ya koma ya kwanta. Tsoro ne ya kama shi, don in aka kama su shi ma kashinsa ya bushe. Gari na wayewa suka rabu. Wato dai birin gaske ko kwana biyu bai yi ba ya tsere.

Gabansa akwai hasumiyoyin tsaro guda biyar, kuma ruwa sai a gindinsu ake samu. Ya lallaɓa ta farko da dare zai cika salkarsa, sai kibiya ta wuce daf da gwiwarsa. Ya ɗaga murya ya faɗi ko shi wane ne, aka kai shi gaban shugaban masu gadi. Shi ma wannan maimakon ya kama shi sai ya ba shi guzuri ya tura shi wajen wani ɗan'uwansa a hasumiya ta huɗu, wanda ya ba shi babbar salka ya kuma gargaɗe shi ya kauce wa ta biyar. Daga nan ya shiga hamada shi kaɗai, babu alamar hanya sai ƙasusuwan da ke zube da kashin dawakai.

Wannan wajen ne na fi jin haushin rashin ganinsa a finafinan birin. Ya ɓata hanya, ya ɗauko salka zai sha, ta suɓuce masa duk ruwan ya tsiyaye cikin rairayi. Ya juya da nufin komawa hasumiya, ya ɗan taɓa tafiya, sai ya tuna ya yi alkawarin ba zai taka ko taku ɗaya zuwa gabas ba sai ya ga Indiya. Ya sake juya kan doki yamma, ba ɗigon ruwa. Yini biyar da dare huɗu bai sa komai a maƙogwaronsa ba, har shi da dokin suka zube. Cikin dare iska mai sanyi ta ɗan farfaɗo da su, suka miƙe, sai tsohon dokin nan ya bijire ya ɗauki wata hanya daban, ya ƙi jin linzami, har ya kai shi wani tafki mai ciyawa. Kai, da wani darakta zai ba wa wannan yini biyar ɗin kashi guda cur, ni dai zan kalla.

Sarkin da ya zama ɗan'uwansa na gaske shi ne Qu Wentai na Gaochang, kusa da Turfan ta yau. Wannan sarki ya so malam har son ya zama matsala: ya ce ko dai ya zauna ya zama malamin fadarsa, ko ya mayar da shi Chaina. Malam bai yi gardama mai tsawo ba, ya shiga yajin cin abinci. Kwana uku ko ruwa bai sha ba, a na huɗu sarki ya ga numfashinsa ya fara rauni ya sauko ya ba da haƙuri. Suka yi rantsuwar 'yan'uwantaka, sarki ya haɗa masa dawakai 30, hadimai 25, zinariya da azurfa da siliki da za su ishe shi tafiyar shekara 20, da wasiƙu 24 zuwa ga sarakunan da ke kan hanya. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, in ya dawo ya zauna masa shekara uku.

Ayarin bai daɗe da cika ba. Wajen tsallake duwatsun Tiyanshan sun yi kwana bakwai cikin dusar ƙanƙara, sanyi da yunwa suka kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa. Ya gana da sarkin Turkawan yamma, ya bi ta Samarkand, ya shiga ƙasar da yau take Afganistan. A Bamiyan ya ga manyan gumakan nan da aka sassaƙa a jikin dutse ya kuma rubuta yadda suke, su ne waɗanda 'yan Taliban suka rusa a 2001. Ya zauna Kashmir kusan shekara biyu yana karatu.

Maganar cin namansa da aljanu ke yi a fim ma tana da 'yar'uwa a tarihinsa. A kogin Ganga 'yan fashi suka tare jirgin ruwan da yake ciki, suka duba fasinjoji suka ga shi ya fi kowa kyawun sura, suka ce shi za su yanka wa abar bautarsu Durga. Har an ɗora shi a kan wurin yanka. Bai yi kuka ba, bai kira kowa ba, ɗan lokaci kawai ya roƙa ya yi addu'a. Yana cikin yi guguwa ta taso ta kifar da jirage, 'yan fashin suka tsorata suka sake shi. Almajirinsa Huili ne ya rubuta tarihin nan, kuma almajiri ba ya rasa ƙara wa malaminsa gishiri, amma ko ka cire guguwar ka bar sauran, wannan ba mutumin da muke gani yana rawar jiki a kogo ba ne.

Inda ya nufa tun farko shi ne Nalanda, a jihar Bihar ta yau, makaranta mafi girma a Indiya ta wancan zamani mai dubban ɗalibai. Shugabanta Silabhadra, tsoho tukuf, shi ya karantar da shi littafin da ya baro gida dominsa. Ya yi kimanin shekara biyar a can, ya ƙware a harshen Sanskrit, sannan ya zagaya har kudancin Indiya. Sunansa ya kai kunnen sarki Harsha, wanda ya shirya gagarumar muƙabala a birnin Kanauj ya ɗora shi a kujerar mai kare hujja. Kwana 18 aka yi, babu wanda ya fito ya kayar da shi. Mu dai mun saba da faɗan takobi da tashi sama, shi kuwa nasa filin dagar ke nan, a ƙasar wasu kuma da harshen wasu.

Dawowar ma ba ta zo da sauƙi ba. Wajen tsallake kogin Indus iska ta girgiza jirgi, littattafai 50 suka faɗa ruwa. Giwar da Harsha ya ba shi ta nutse a wani kogi lokacin da 'yan fashi suka fafare su a tsaunuka. Alkawarin shekara ukun nan kuma bai cika ba, don tun a 640 sojojin Tang suka ci Gaochang, Qu Wentai ya mutu. Da ya iso Khotan sai ya tsaya ya aika wa sarki Taizong wasiƙa, tunda har lokacin mai laifi ne da ya fita ba izini. Ya jira watanni kafin amsa ta zo cewa ya taho ana marhabin da shi.

A 645 ya shiga Chang'an bayan shekara 16, da littattafai 657 a kan dawakai 20, jama'a suka yi dafifi a tituna. Sarki yana shirin yaƙi da Koriya a lokacin, kuma abin da ya fi ja masa hankali shi ne labarin ƙasashen yamma: hanyoyinsu, sarakunansu, ƙarfinsu. Ya nemi malam ya ajiye rigar malanta ya karɓi muƙami, malam ya ƙi. Ga wani abu da zai ba masoya finafinan faɗa dariya: wurin da ya roƙa a bar shi ya je ya zauna ya yi fassara shi ne gidan ibadar Shaolin, don yana kusa da mahaifarsa kuma babu hayaniya. Aka hana shi. Ya sake roƙon sarki na gaba, Gaozong, shi ma ya hana. Sun fi son ya zauna kusa da fada.

Littafin da sarki ya nema ya kammala shi a 646, yana bayanin ƙasashe 138, mafi yawansu ya taka su da ƙafarsa. Ya rubuta nisan gari da gari da inda kowanne ya fuskanta, shi ya sa a ƙarni na 19 wani Baturen Ingila mai binciken kufai, Alexander Cunningham, ya riƙa bin littafin yana gano wuraren da ƙasa ta binne, har da Nalanda kanta. Littafin biri kuwa sai a 1592 ya fito, sama da shekara 900 bayan tafiyar, ana danganta shi ga Wu Cheng'en. Na gane dalilinsa, in malam ya iya kare kansa to biri ba shi da aikin yi, kuma mu birin muke zuwa kallo. Amma ai da an bar masa ko da rabin zuciyarsa.

Sauran shekaru 19 na rayuwarsa a zaune ya yi su, shi da tawagar malamai, yana riƙe da na Sanskrit yana faɗa da harshen Chaina ana rubutawa ana tacewa. Sun fassara littattafai 75, juzu'i 1,335. A 652 ya sa aka gina doguwar hasumiya don adana abin da ya kawo saboda tsoron gobara, tana nan tsaye a Shi'an har yau. Aikinsa na ƙarshe babba shi ne wani littafi mai juzu'i 600. Mataimakansa suka so a taƙaita shi, ya ƙi, aka fara a 660 aka gama a ƙarshen 663.

Bayan 'yan watanni, a farkon 664, yana tsallake wata 'yar magudanar ruwa a bayan gidan ibadar Yuhua sai ya faɗi ya ji ciwo a ƙwauri. Ya kwanta daga nan bai sake tashi ba, kafin wata guda ya cika ya rasu yana da shekara 62 ko kusa da haka. Sarki Gaozong ya dakatar da zaman fada don makoki. An fara binne shi a gabashin Chang'an, sannan a 669 aka mayar da ƙasusuwansa kudu da birnin, inda aka gina gidan ibadar Shingjiyawo.