Chandrasekhar: Yaron da manya suka yi wa dariya, lissafinsa ya tabbata

An haifi Subrahmanyan Chandrasekhar a Lahore ranar 19 ga Oktoba, 1910, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Baffansa, C. V. Raman, ya ci kyautar Nobel a 1930. A shekarar ce shi kuma, yana ɗan shekara 19, ya hau jirgin ruwa zuwa Jami'ar Kambirij, kuma a jirgin ya fara lissafin da ya fito da sunansa.

Tambayarsa ita ce: in makamashin tauraro ya ƙare, yaya ƙarshensa? Ya gano cewa in nauyin gawar tauraron ya haura na rana sau 1.4, ba za ta iya riƙe kanta ba, dole ta rufta.

A Janairun 1935, a taron masana taurari a Landan, Arthur Eddington, jigon fannin a Ingila, ya yi fatali da lissafin a bainar jama'a. Ga shi yaro, ga shi baƙo, manya suka yi gum. Bai janye ba. A 1937 ya koma Jami'ar Chicago ta Amurka, ya ci gaba da aikinsa.

Ashe gaskiya na wajensa. Irin wannan ruftawa ce ke haifar da tauraron nutron, dunƙulen da ya fi rana nauyi amma faɗinsa kilomita 20 ne da 'yan kai. A 1970 ya kuma nuna cewa igiyar jan-nauyi, wato kaɗawar sararin samaniya da Einstein ya hango a 1916, tana iya dagula tauraro mai juyi da sauri. Ya karɓi Nobel a 1983, ya mutu ranar 21 ga Agusta, 1995.

Ranar 17 ga Agusta, 2017, na'urorin LIGO da Virgo suka kama igiyar karon taurarin nutron biyu. Kafin su gwabza, kowanne yana jan ɗan'uwansa har ya lotsa shi, kuma yawan lotsewar na fitowa a igiyar: tauraro mai faɗi ya fi ƙarami lotsewa. Da haka masana suka ƙiyasta cewa daga tsakiyar tauraron zuwa bakinsa kilomita 11 zuwa 13 ne.

Kwana tara bayan karon, madubin Chandra na hukumar NASA, wanda aka raɗa wa sunansa, ya hango hasken wurin.